Kyamarar da Yakumbo Ta Yarda da Ita

Tun da na dawo daga Jidda ban sha shayi da daɗin rai a teburin Ɗan'azumi ba. Da na zauna a benci sai tambaya ta taso: yaya garin yake, me ka ci, ina dabinonmu. Wanda ya fi damuna shi ne Sale tela. Kullum sai ya ce, "Garba, kai da ka shekara kana cika mana baki za ka sayo kyamara mai hanci kamar igwa, ina ka samo wannan sabulun wankan?" Na gaji da maimaita magana. Ban gama sakandare ba, kowa ya sani, amma zan rubuta iya yadda na iya. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa, kada ya zo ya same ni.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Garba Mai Hoto na Funtuwa. Ƙuruciyata da rabin girmana a ɗakin wankin hoto suka ƙare. A da alhaji ba ya tafiya Makka sai ya zauna a kujerata, amarya ba ta tarewa sai na zo. Sai waya ta shigo. Yanzu wanda bai iya ɗaura zariyar wandonsa ba shi ma mai hoto ne. Na rufe shago, kyamarar fim ɗina tana cikin kwali, ko kyauta ba mai so. Abin da ya rage a sana'ar shi ne biki, kuma a bikin yanzu ba hoto ake saye ba, girman kyamara ake saye. In ka shigo da babba, wadda ake kwance mata ido a ɗaura wani, ga jaka a kafaɗa, sai ka ji ana "a ba mai hoto wuri". In ka shigo da ƙarama sai a ɗauka ƙanen ango ne, a miƙo maka faranti ka raba shinkafa. Shi ya sa da na sayar da ɗan filin da na gada don in yi Umara, na ware abin da zai sayi babba guda, ko ta hannu ce, in dawo in tashi daga zaman benci.

Amma ba ni kaɗai nake da buƙata a Jidda ba. Inna Asabe, mahaifiyata, tana da yaya a can, Yakumbo Hajara. Suna yara mahaifinsu ya ɗauki babbar ya yi gabas da ita ta ƙasa, ta Sudan, ya bar Inna wajen kakarsu don ta yi ƙanƙanta da tafiyar. Shi ya rasu a can, Yakumbo ta yi aure a can ta hayayyafa. Tun ranar ba su sake haɗa ido ba. Suna gaisawa a waya da Sallah, kowacce tana ihu don duk kunnensu ya yi nauyi, amma Yakumbo ta hana a ɗauke ta da waya, ta hana kiran bidiyo. Ta ce hoton da ya shiga waya ya shiga kasuwa. Inna kuwa idonta yana tafiya, likita ya ce ɗan abin da ya rage ba mai daɗewa ba ne. Ranar da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Zamzam da dabino kowa yana kawowa. Kai ka kawo mini fuskar Yaya a takarda, babba, tun ina iya gani."

Na ce, "Inna, wannan ai sana'ata ce."

Ta ce, "Wace? Wadda ta mutu?"

Haka uwata take. Wanda ya ce bakina da ɗaci, ya san inda na tsotso.

Daga Kano muka tashi. An ce mini ba a tsayawa a mikati, sai dai a wuce ta samansa, don haka tun a filin jirgi na ɗaura harami. Ba wanda ya faɗa mini cewa cikin jirgi firji ne. Na zauna da zane biyu ina karkarwa kamar kazar da aka tsamo daga randa. Kusa da ni wani alhaji ne ɗan kasuwa, mai safarar abaya, shi ya saba, sai da aka kusa ya shiga bayi ya sauya kaya. Ya ara mini bargonsa, ya tambayi sana'ata. Da na faɗa masa sai ya ce, "To Malam Garba, a Jidda kada ka ɗaga kyamara a kan mutum ko gidansa ba ka tambaya ba." Na ce masa tun kafin ya yi gemu nake ɗaukar hoto. Ya ce to madalla, ya juya ya yi barcinsa.

A wajen duba fasfo na fara ganin abin mamaki. Mace ce a kujerar, fuskarta a rufe sai ido, kuma ba ta tambaye ni na goro ba. Ta nuna mini gilashin da ake ɗora yatsu. Na ɗora, na'ura ta ƙi. Na goge a harami na sake ɗorawa, ta ƙi. Ta fesa mini wani ruwa, ta danna hannuna da bayan biro, shiru. Ruwan wankin hoto ya cinye zanen yatsuna tun shekarun baya, sun yi sumul kamar bayan cokali. Layi ya taru a bayana, wani Bature-Bature yana tsaki. Na ce mata da Hausa, "Baiwar Allah, sana'a ce ta cinye su, ba sata ba." Ba ta ji ba, amma na ga idonta ya yi dariya. Da ƙyar ƙaramin yatsan hagu ya kama, shi da ba ya shiga ruwa. Sannan ta ce in kalli wata 'yar kyamara kamar ƙwayar goriba a kan sanda. Fitila tana bayana, na san hoton zai yi duhu, na so in gyara mata tsayuwa, ta ce, "Halas, ya Hajj, yalla." Wato an gama, in kama gabana. Ko a ƙasar Larabawa ba a son shawarar gwani.

A waje autan Yakumbo, Faisal, yana jirana. Direba ne, yana tuƙa wani mai gida a Abhur, unguwar masu hali ta bakin ruwa. A Jidda aka haife shi, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma hancinsa na gidanmu ne sak. Ya rungume ni ya sumbaci kumatuna dama da hagu har na rasa inda zan sa fuskata. Ya ce, "Yaya Garba, hamdillah alas-salama! Kai ka gaji marra, wallahi fuskarka ta'aban." Haka Hausarsa take, kamar fate da aka zuba wa zabibi. Shi ya kai ni Makka na yi Umarata. Wannan ba zan ba da labarinsa a teburin shayi ba, tsakanina da Ubangijina ne. Abin da zan ce kawai, mai ɗacin rai ma yana kuka.

Gidansu hawa na uku ne a wata unguwa da baƙaƙen fata suka yi yawa, Hausawa da Barebari da mutanen Chadi. Ba tsakar gida, ba zaure, ba inda za ka zauna ka ga mai wucewa. An sauke ni a majalisi, ɗakin baƙi mai katifu jere da bango, esi, na'urar sanyi, yana hurawa ba dare ba rana. Na kashe, matar Faisal ta aiko a kunna, wai kada a ce sun wulaƙanta baƙo. Maƙwabcinka ba ka san fuskarsa ba sai a lifta. A Funtuwa in ka yi tari maƙwabci zai aiko da citta, a can in ka mutu sai wari ya sanar.

Abinci kuwa ba laifi. Da safe wake ne dakakke da mai, suna ce masa ful, da wata gurasa mai faɗin faifai da ake gasawa a tanderu. Da rana shinkafa da rago a tire ɗaya, kowa ya sa hannu. Akwai wata shinkafar da ake dafawa da madara har ta yi kamar kunu, ita ce ban gane kanta ba, na ci don kunya. Sai gahawa, ruwan ɗaci mai kamar fitsarin raƙumi a launi, a ɗan kofi kamar murfin kwalba. Faisal ya zuba, na shanye na miƙa kofin, ya sake zubawa. Na shanye na miƙa, ya sake. Ni ina sha don kada in raina masa, shi yana zubawa don kada ya raina mini, har zuciyata ta fara buga ganga. Ashe girgiza kofin ake yi in an ƙoshi. Yakumbo ce ta cece ni, ta ce, "Kai ɗan nema, girgiza masa, zai kashe ka."

Yakumbo Hajara gajeruwa ce, ta fi Inna jiki, amma muryar ɗaya ce sak. Hausarta tsohuwa ce, irin ta kakanni, ba Turanci ko ɗaya a ciki. Na durƙusa na gaishe ta, ta shafa kaina ta ce, "Ɗan Asabe ne wannan? Har da furfura? To ita yaya ta koma ke nan?" Na kwance tsarabar Inna: kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, da zanen saƙi guda. Da warin daddawa ya bugi ɗakin jikokinta suka toshe hanci suka gudu suna "Esh hada, ya Sitti!" wai mene ne wannan, Kaka. Ita kuwa ta ɗauki ƙulli guda ta manna a hancinta, ta daɗe tana shaƙa. Washegari ta shiga kicin da kanta ta yi mana tuwo.

A kan tuwon na isar da saƙon Inna. Ta ce, "Na takarda?"

"Na takarda, Yakumbo."

"Ba zai shiga waya ba?"

"Ko kusa da ita ba zai je ba."

"To guda ɗaya. Don Asabe."

Na ce a raina aiki ya ƙare, saura kayan aiki.

Faisal ya kai ni Balad, tsohon gari, shagon wani tsoho mutumin Yaman da ya sani, Ammu Salihu. Shagon bai fi kejin kaji ba, amma abin da na gani a ciki ya sa na manta da shekaruna. Ya ajiye mini guda biyu a kan gilashi. Ɗaya babba ce ta hannu, baƙa, da ido biyu, gajere da dogo. Ka ɗaura gajeren ka ɗauki ɗaki duka, ka ɗaura dogon ka ɗauko kunnen liman daga sahun baya. Tana gani a duhu, tana narkar da bayan mutum ya fito shi kaɗai kamar sarki. Nauyinta kuwa kamar ka rataya jariri a wuya, kuma duk ido da za ka ƙara sai ka sake shiga aljihu. Ɗayar ƙarama ce sabuwa a kwalinta, idonta a manne, ba ya cirewa, tana shiga aljihun riga, kuma ba ta da ƙara in ta ɗauka. Na yi zaton araha ce, ashe samarin yanzu sun dawo yayinta, kuɗinta ya kusa kama na babbar. Akwai masu araha, amma in ka buga hotonsu da girma sai fuska ta farfashe kamar tsakin masara, kuma idon Inna babba yake so. Abin hannuna na guda ɗaya ne.

Ammu Salihu ya tambaya ta bakin Faisal, wai me zan ɗauka. Na ce biki. Ya ce to babba. Na ce da tsohuwa guda. Ya ɗaga kafaɗa ya ce tsohuwa ba ta gudu, kowacce ma ta yi. Saboda darajar Faisal tsohon ya yarda in tafi da babbar in gwada ta kwana ɗaya, tunda ta hannu ce. Na rataya ta a wuya, na ɗaura mata dogon ido. Na ga kaina a madubin shagon, wallahi na ga Garban da.

Faisal ya sauke ni a bakin layinsu bayan la'asar ya wuce wajen aiki. Ya ce, "Yaya, sa ta a shanta," wato jaka. Na ce to. Yana juya baya na fito da ita. Rana ta yi sanyi, haske ya kwanta a jikin benensu yadda nake so. A gefen titi mata ne 'yan uwanmu sun baza tabarma suna sayar da gyaɗa da yaji da turaren wuta. Na ja da baya, na durƙusa a gwiwa ɗaya, na saita ƙofar gidan da lambarta don in ga ko idon yana kama rubutu. Kyamara ta yi ƙarar nan tata mai daɗi, ƙyas, ƙyas.

Da na ɗago, titi ya watse. Matan sun naɗe tabarmi, gyaɗa tana gangarawa kwata. Wani mutum ya fito daga shagon aski da rabin kai, da tawul a wuya, ya bi lungu. Mai shagon kusa ya ja ƙofarsa ƙasa. Na ji wata tsohuwa tana cewa da Hausa, "Innalillahi, sun iso nan ma." Na ce, "Baba, ni ne fa, baƙon gidan Hajiya Hajara!" Ba ta ko waiwaya ba.

Kafin in hau bene labari ya riga ni. Na yi sallama na shiga da abata a ƙirji, Yakumbo tana zaune da waya a hannu, wata maƙwabciya tana ta magana a ciki. Ta dube ni, ta dubi kyamarar. Sai ta ja mayafinta ta rufe fuska, ni ɗan ƙanwarta.

"Fitar mini da ita."

"Yakumbo, ita ce ta hoton Inna."

"Na ce fitar da ita. Asabe ta yi haƙuri, mu haɗu a lahira."

Ta tashi ta shige ɗaki. Ranar ba a yi tuwo ba.

Ni ban ga laifina ba, kuma na faɗa wa Faisal haka da ya dawo. Bai yi musu ba. Da safe ya ce in shiga mota. Muka yi kudu har muka fara hango ƙarafan ɗaga kaya na tashar jiragen ruwa, inda ya ce nan jirgin su Yakumbo ya sauke su tana yarinya. Ya tsaya a bakin wani fili fetal, ba gida ba bishiya, sai ƙasa da guntayen bulo. Ya ce, "Nan Karantina. Nan aka haife ni." Ya nuna wani wuri da ba shi da bambanci da sauran. "Hina, nan ɗakin Ummi. Can mai tsire, can makarantar allo." Ya ce kafin a rushe unguwar, wasu mutane sun zo da kyamara irin wannan, babba mai dogon ido. Sukan tsaya a gaban gida, su ja da baya, su ɗauki ƙofa da lamba. Bayan su sai jan fenti a bango, bayan fenti sai katafila. Maƙwabtan da ta yi rayuwa da su, wasu sun bazu a unguwanni, waɗanda ba su da iƙama, takardar zama, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ya ce, "Kai ka durƙusa, ka ɗauki ƙofa, ka ɗauki lamba. Yaya, wallahi ko ni na gan ka zan gudu."

Na tuna alhajin jirgi da bargonsa. Ban ji daɗin tunawar ba.

Muka koma wajen Ammu Salihu. A hanya na yi dabara irin ta mutanen Funtuwa: in ari ƙaramar ita ma kwana ɗaya, in ɗauki Yakumbo, in dawo da ita in sayi babbar. Da Faisal ya fassara masa, tsohon ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce kwalin da aka buɗe an saya, kuma shi ma yana da ƙwaƙwalwa, ba Nijeriya kaɗai aka raba wa ba. Na tambayi Faisal ko cikin abokansa akwai mai ƙarama, ya ce kowa waya. Kuma ko da an samu aro, wace tsohuwa ce za ta sauko a kwana ɗaya bayan abin da ya faru?

Na tsaya a gaban gilashin nan na daɗe. Ga babbar, ga bukukuwan Funtuwa, ga bakin Sale tela da zan rufe. Na ɗauke ta na sake leƙa idonta, na saita wata mage a can ƙarshen layi, har gashin bakinta ina gani. Ban taɓa riƙe abu mai kyau irinta ba, kuma na san ba zan sake ba. Amma idon da na leƙa da shi lafiyarsa lau, na Inna ne yake tafiya. Biki ba ya ƙarewa a duniya. Na ajiye ta na ce, "Ba ni sabulun." Ammu Salihu ya ce mabruk, wai barka. Na ce ya riƙe mabruk ɗinsa.

Ban nuna wa Yakumbo ba, ban kuma ɓoye ba. Na ajiye ta a kan tiren gahawa tsakanin kofuna da dabino, na bar ta. Yakumbo ta fito ta amsa gaisuwata a daƙile, ta zauna. Ba ta kula ba sai washegari, ta tura ta da yatsa ta ce, "Wannan abin wasan wane ne a cikin yaran?"

"Nawa ne."

"Ina dodon?"

"Na mayar."

"Faisal ya ce da shi za ka ci abinci."

"Abinci na Allah ne, Yakumbo."

Ta harare ni. "Ji bakinsa. Kamar ba shi ya kori unguwa ba."

Daga nan na fara ɗaukar abin da ba ya gudu. Na ɗauki butar gahawa, na ɗauki turminta, wanda shi kaɗai ta ce sai an fito da shi daga Karantina ko a bar ta a ciki. Ina ɗauka ina nuna mata a bayan kyamarar. Ta ce ba ta ji ƙara ba, na ce ba ta yi. Ta karɓa ta jujjuya, ta ce in nuna mata inda ake dannawa. Ta saita ni ta danna, hoton ya fito daga wuya zuwa ciki, ba kai. Ta duba ta ce, "Ka fi kyau a haka." Ranar aka yi tuwo, har aka aika wa matan bakin titi, ni na kai da kaina na ba su haƙurin gyaɗarsu. Mutumin da ya gudu da rabin aski ya ce sai na biya masa ragowar rabin.

Amma maganar hoto ba ta sake tasowa ba, ni ma ban tayar ba. Kwanaki suna tafiya, na fara ɗaure kaya, na fara shirya abin da zan faɗa wa Inna. Ana jibi zan tafi, bayan la'asar, sai ga Yakumbo ta fito ɗaure da zanen saƙin da Inna ta aiko, ta sa kwalli. Ta ce, "Kai, zo ka yi abin da ya kawo ka, kafin in sake shawara."

Ƙaramar kyamara ba ta son duhu, wannan aibinta ne. Na ɗage labule, na ja mata kujera gefen taga yadda haske zai sauka a kuncinta na dama. Da babbar ce da sai na koma bakin ƙofa, na ɓoye fuskata a bayanta. Da wannan a gabanta na zauna a ƙasa, gwiwata tana taɓa ƙafarta, kyamarar a tafin hannuna, muna kallon juna. Ta ƙame kamar mai hoton fasfo. Na ce, "Yakumbo, Inna ta ce wai kin fi ta tsufa."

"Ta ce me?"

Sai ta sa hannu ta ja mayafinta baya, ta karkato goshinta wajen haske. A saman girarta ta hagu akwai tabo, fari, kamar tsagar wuƙa.

"Ɗauki wannan. Ta ga aikinta. Da safen da za mu tafi, an ɗora ni a kan jaki, uwarka ta ɗauki guntun kasko ta jefe ni. Da jini na bar garinmu. Ka ce mata na yafe, amma kullum na duba madubi sai na gan ta."

Tana faɗa tana dariya, ido ya cika da ruwa, yatsanta a kan tabon. A nan na danna. Ba ta ma san na ɗauka ba, sai da ta ce, "To ɗauka mana," na ce an gama.

Faisal ya kai ni inda ake bugawa, na tsaya a kansu har aka fitar da shi da girman faifai, aka goge na cikin na'urarsu a gabana. Na kawo wa Yakumbo ta gani. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe haka na koma." Sannan ta miƙo hannu ta ce a ba ta inda hoton yake kwana. Na zare ɗan katin na ba ta, ta ƙulle shi a bakin mayafinta kamar kuɗin cefane. Don haka guda ɗaya ne a duniya. Na sa shi tsakanin kwali biyu, na rungume shi daga Jidda har Kano. Ma'aikaciyar jirgi ta ce in sa a sama, na ce sai dai ni a sa ni a sama.

Na iso Funtuwa da hantsi, ban ko sauke jaka ba na shiga wajen Inna. Na fito da ita tsakar gida inda rana take, na zare kwalayen na ɗora mata a cinya. Ta ɗaga shi har yana taɓa hancinta, tana bin sa a hankali daga haɓa zuwa sama. Ta ce, "Zanena ne." Ta ce, "Ta yi ƙiba." Sai ta kai goshin ta tsaya. Ban nuna mata ba, ita ta gani da kanta. Ta ɗora yatsa a kan tabon, daidai inda yatsan Yakumbo yake.

Na ce, "Ta ce in faɗa miki ta yafe."

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ta yafe me? Ai ita ta fara. Wa ya ce ta hau jakin ta bar ni?"

Hoton yana rataye a gefen gadonta, ƙasa-ƙasa, inda hannunta yake kaiwa. Yanzu ba ta ganinsa sosai, amma ta san inda tabon yake.

To Sale, ka ji inda na samo sabulun. A bikin ƙanwarka an miƙo mini faranti na raba shinkafa, na kuma raba. In ka sake tambayata, kai za ka biya kuɗin shayin.